Hasken da ake kira orora: mu ce masa shafaƙin ƙurya

1/ Jama'a, ina so mu tsayar da magana kan sunan hasken nan da hotunansa suka cika intanet tun daren 10 ga Mayu 2024, wanda Turawa ke kira orora. Duk wanda ya tashi ba da labarinsa da Hausa sai ya rubuta "hasken arewa". Ni dai sunan bai kwanta mini ba, kuma ina da wanda nake ganin ya fi shi.

2/ Mu fara sanin abin tukuna. Rana takan yi aman wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, su keto tazarar kilomita miliyan 150 cikin kwana ɗaya zuwa uku. Maganaɗisun duniya ya kare mu daga mafi yawansu, sauran ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. A can sama sai su yi karo da iskar oksijin da naitirojin, iskar ta kama haske. Kore yana fitowa daga wajen kilomita 100 zuwa sama, ja kuma sai an haura 200. Shi ya sa mutanen Nowe da Alaska da arewacin Kanada suka saba da shi.

3/ A daren na Mayu, guguwar ƙwayoyin nan da ta taso daga rana ta kai matakin G5, wato mataki mafi ƙarfi a ma'aunin irin wannan guguwa, wanda rabon da a ga irinsa tun Oktoban 2003. Sai da'irar hasken da ke kewaye kowace ƙuryar duniya ta buɗe ta gangaro. An gan shi a Fulorida da Meziko, an gan shi a Ladakh ta Indiya, har da tsibiran Kanari da ke daura da gaɓar Maroko. Ta ɗaya ɓangaren kuma an gan shi a Ostireliya da Afirka ta Kudu.

Ku duba hotunan waɗannan wurare da kyau. Yawancinsu ja ne ko ruwan hoda, kwance a gindin sama, ba koren labulen nan mai kaɗawa na Nowe ba. Dalili shi ne suna hangensa daga nesa, lanƙwasar duniya ta ɓoye musu ƙasansa mai kore, sai samansa mai ja. Kamar wutar daji ce idan tana ci a bayan tudu: ba ka ganin harshenta, sai jan da ta yi wa sama. Ku riƙe batun jan nan.

4/ Matsalar "hasken arewa" biyu ce. Bahaushe in ya ji Arewa, Kano da Sakkwato yake ji, sai ya ɗauka sunan wata ƙungiya ce ko shagon sayar da kayan sola. Sannan abin yana faruwa a kudu ma, a lokaci guda. Wanda ya gan shi a Ostireliya ya ce ya ga hasken arewa ke nan?

5/ Wata 'yar'uwa ta kawo "bakan gizon dare". Yana da daɗin faɗa, Hajiya, amma zai koya wa yara abin da ba haka yake ba. Bakan gizo hasken rana ne ke ratsa ɗigon ruwa, wannan kuwa iskar ce da kanta take haske, ba ruwanta da hadari.

Wani kuma ya ce "alfijirin arewa", yana bin Galileo da ya raɗa sunan a 1619 daga Aurora, gunkiyar alfijir ta Romawa, da Boreas, iskar arewa ta Girkawa. Amma mu alfijir daga gabas yake ketowa, kuma in ya keto gari zai waye. Wannan haske yakan bayyana da tsakar dare ya ɓace, dare na nan daram.

6/ Ga tawa: shafaƙin ƙurya.

Shafaƙi ba baƙuwar kalma ba ce. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji cewa lokacin Isha yana shiga ne idan jan shafaƙi ya ɓace, wato jan da ke saura a gindin sama bayan faɗuwar rana. Haske ne mai launi, a sama, babu rana a wurin. Abin da mutanen Meziko da Kanari suka gani ke nan, illa dai nasu ta arewa ya fito ba ta yamma ba. Larabawa ma da kalmar suke kiransa, suna jingina ta ga ƙuryar duniya. In ana son bambancewa sai a ce shafaƙin ƙuryar arewa, ko shafaƙin ƙuryar kudu.

7/ Wani malami ya ce ai shafaƙi ja ne, wannan kuwa galibi kore. Allah gafarta malam, a littattafan fiƙihu akwai jan shafaƙi akwai fari, har Imamu Abu Hanifa ya tafi a kan farin ne ake jira. Tunda kalmar ta ɗauki ja da fari, za ta ɗauki kore. Batun rikita lokacin salla kuwa, "ƙurya" ta raba gardama.

8/ Masu cewa me ya dame mu da abin da ba ma gani, gaskiya ne da wuya mu gan shi, don ƙuryar maganaɗisun ta karkata wajen arewacin Kanada. Shi ya sa a Satumban 1859 aka gan shi har Kuba da Kolombiya. Amma guguwar da ke kawo shi tana taɓa kowa. A Maris 1989 ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada har awa 9. A Mayun 2024 ta rikita GPS na taraktocin manoman Amurka ana tsakiyar shuka. Mu ma da tauraron ɗan'adam muke amfani, kuma rana tana kai ƙololuwar wannan hali duk bayan kimanin shekara 11, labarin zai sake dawowa.

9/ Masu fassarar labarai a gidajen rediyo, ku gwada shi a jimla: "An ga shafaƙin ƙurya daren jiya a kudancin Turai." Saura ita kanta guguwar. Ina rubuta "guguwar rana", amma wani zai ɗauka guguwar da ta tashi da rana tsaka ake nufi. Wa ke da wadda ta fi?