Sitiyari na rawa idan aka taka birki: faifai ne ko ƙafar gaba?

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum. Hilux ce ƙirar 2002, mai ja da tayun baya kaɗai, tana jigilar buhuna tsakanin Katsina da Daura ta Mashi. In gudu ya kai kilomita 80 a awa aka taka birki, sai sitiyari ya kama rawa, fedar ma tana bugun ƙafa. Cikin gari ba a jin rawar, sai dai wani ƙwas-ƙwas daga gaba ta hagu in an hau gargada. Tayar hagun kuma ta cinye ta ciki. Bai daɗe ba aka sa sabon takalmin birki, mai tona, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya share fuskar faifan birkin, abin ya lafa sannan ya dawo. In sayi sabon faifai ne, ko ciwon yana wani wuri?

Bakaniken Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Faifai ba ya ƙwas-ƙwas a gargada, ba ya kuma cinye taya ta gefe ɗaya. Waɗannan biyun ƙafar gaba suke nunawa, kuma tunda an share faifan rawar ta dawo, akwai abin da ke sake lalata shi.

A ja birkin hannu, a tokare tayun baya da dutse. A sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa na ƙafar, kusa da taya, ba a jikin shasi ba. Dalili: a wannan ƙirar sandar tooshon, wadda ke aikin sifirin, a hannun ƙasa take, in ka ɗaga ta shasi za ta danne boljon ɗin ƙasa, gaɓar da ke haɗa hannun da mazaunin taya, ko ya mutu ba za ka ji motsinsa ba. Daga nan ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, sa yaro ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace? Boris ne. Yana nan? Boljon ne ko bushin hannun sama. Sai ka kama ta hagu da dama. Wasa ta nan na tarod ne, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ko na aidila, hannun nan da ke riƙe sandar sitiyari ta ɗaya ɓangaren, wanda bushinsa ke saurin cinyewa a tsofaffin Hilux. Ɗora tafin hannunka a kan kowace gaɓa yayin da ake girgizawa, hannu ya fi ido gane mai motsi. Duk gaɓar da robarta ta yage, ƙasa ta riga ta shiga, a lissafa ta cikin matattu.

Sitiyari kuma, mota na tsaye, wasansa kada ya wuce milimita 30 kafin taya ta motsa.

Mai Tona:
Oga ya faɗi gaskiya, bari in ƙara ta ɓangaren faifai. Mutane kan ce faifai ya lanƙwashe, amma akasari ba lanƙwasa ba ce, kaurinsa ne ya bambanta. In boris ya saki, ko tsatsa ta shiga tsakanin faifai da mazauninsa, faifan kan riƙa lilo yana juyawa, yana gogar takalmi a wuri ɗaya kowane zagaye ko ba a taka birki ba. Wurin sai ya sirance. Bambancin milimita 0.03 kacal ya isa feda ta yi bugu, alhali takardar littafi ma kaurinta wajen 0.1 ne. Shi ya sa share faifai ba tare da gyara boris ba asarar kuɗi ce.

A auna kaurin faifan da maikuromita, ma'aunin kauri mai murɗawa, wuri 8 a kewaye, kamar milimita 10 daga baki. Kada a yi da baniya, ma'aunin nan mai zamewa, tudun da ke bakin tsohon faifai zai sa ta nuna kaurin da babu. A jikin faifan an buga MIN TH da lamba, ita ce iyakar sirantar da aka yarda faifan ya kai. Galibi milimita 2 ne tsakanin sabo da iyakar, misali 25 da 23, don haka faifan da aka taɓa sharewa da wuya ya ɗauki ta biyu. Siririn faifai saurin zafi gare shi, da lodi kuwa abin ya fi muni. In ka ga tabo shuɗi-shuɗi ko tsaga ƙanana, kada ma a kawo mana, ƙarfen wurin ya taurare, rawar za ta dawo. In za a canza, a canza biyun tare, da sabon takalmi.

A duba kalifa kuma, wato abin da ke matse takalmi a jikin faifai. Bayan tafiyar kilomita kaɗan, kai bayan hannu kusa da kowane wili, kada ka taɓa faifan. Wanda ya fi huci, fistinsa ko fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya cije.

Ɗan Daura:
Ni dai Malam zan ce a leƙa baya ma. Akori-kurar da ke shan lodi, in takalmin gangar birkin baya ya yi nisa ba a matso da shi ba, gaba ce ke ɗaukar aikin duka har ta ƙone. Gane rawar baya ba wuya: a kujera ake jin ta, ba a sitiyari ba. In kuma rawar tana zuwa tsakanin 80 da 100 ba tare da an taka birki ba, wannan balansin taya ne ko wili ya lotsa, wajen mai faci za a nufa. Da damina a guji afkawa kududdufi da faifai mai zafi.

Mai Akori-kura:
Allah ya saka da alheri. An gwada yau. Hagu tana wasa sama da ƙasa, da aka taka birki ya ragu amma bai ɓace ba. Tarod ɗin waje ma yana motsi. Faifan ya sauka ƙasa da lambar da ke jikinsa.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura:
To ka ga abu huɗu ne: boris, boljon (in ba bushin hannun sama ba ne), tarod, faifai. Motar kada ta ɗauki kaya sai an gyara, don boljon ɗin ƙasa in ya fita, tayar kwantawa take yi nan take.

Tunda faifan wannan ƙirar ta bayan hob, cibiyar da ake ɗaure taya a kai, ake ɗaure shi, dole a cire hob ɗin, sai a yi aikin boris gaba ɗaya. A canza na ciki da na waje har da kofunansu, da sabon sil. Sabon boris a tsohon kofi ba ya kwana biyu. A cusa giris mai jure zafi cikin ƙwayoyin da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen, ba shafawa a sama ba. A goge mazaunin faifai da samfefa sai ƙarfe ya fito fes. Notin boris a ɗaure ana juya hob don ya zauna, a sassauta, sannan a matse kaɗan yadda babu wasa kuma yana juyawa sumul, a sa sabon fil. In an ƙulle shi tamau, zafi zai cinye shi a hanya.

Notocin wili a ɗaure su a tsallake, ɗaya ka tsallake ɗaya, wajen 103 Nm a sifanar auna ƙarfin ɗauri, ba yaro ya hau kan sifana da ƙafa ba. Man birki in ya yi baƙi a zubar a sa sabo nau'in DOT 3, a fitar da iska. Alaimen, wato saita tayun gaba, shi ne na ƙarshe, bayan an gama canza komai, kuma a sa lafiyayyar taya kafin a yi shi. Kafin lodin farko a sami hanya mara cunkoso, a sauko daga 60 zuwa 10 kamar sau 8 ba tare da tsayawa cak ba, sannan a ci gaba da tafiya minti 5 ba birki don faifan ya huce.