Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, mi zai ƙara muna a Sakkwato?

Mai Albasa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni albasa nika kaiwa kudu, satin da ya wuce motarmu ta kwana biyu a hanya ta lalace, da muka buɗe buhunnan ƙasa duk sun fara ruwa, wallahi har yanzu raina bai kwanta ba. Shin jirgin nan mai saurin gaske da ake magana, in ya zo nan zai taimaki irinmu?

Ɗan Kware:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi mayar da alheri. Gaskiya shi mai saurin, mutane yaka ɗauka ba kaya ba. Dubi Maroko, sun buɗe layin jirginsu mai sauri, Al Boraq, a 2018, yana gudun kilomita 320 a awa, tafiyar Tanja zuwa Kasablanka da taka cin kusan awa 5 ta dawo awa 2 da 'yan mintoci, ɗan kasuwa ya je ya gama cinikinshi ya kwana gida, ba kuɗin masauki ba ɓata yini.

Yar Mabera:
To mu ko na gargajiyan bai iso muna ba, layin dogo a Kauran Namoda ya tsaya tun zamanin Turawa. A fara kawo irin na Abuja zuwa Kaduna tukuna, ya ɗauki albasa da simintin Kalambaina da fatu, manyan motoci su rage kashe muna titi.

Mai Albasa:
Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Ko tarago biyu aka ware ma albasa, asarar da muke yi za ta ragu sosai.