Na sa yara awo da taƙi, aji ya kaure da gardama

Malamar aji uku:

Assalamu alaikum malamai. Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa, kuma wannan makon muka shiga darasin awo. Rula huɗu kacal gare mu ga yara 38, sai na ce bari mu fara da abin da kowa ya zo da shi, wato jikinsa. Na nuna musu taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, na ce a auna faɗin teburina. Wani ya samu 6 da rabi, wata 7, wani ɗan ƙarami 8, ni kuwa 5. Nan fa gardama ta kaure, kowa na cewa ɗan'uwansa bai iya ƙirga ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma, da na jera su bisa tsayi, yarinyar da ta faɗo ƙarshen layi ta sunkuyar da kai, har aka tashi ba ta sake ɗaga hannu ba. In watsar da hanyar nan ne in jira rula, ko akwai yadda ake bi da ita?

Tsohon hedimasta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki watsar. Gardamar nan da ta ɗaga miki hankali ai ita ce darasin, kin riga kin yi rabin aikin. Gobe ki rubuta 5, 6 da rabi, 7 da 8 a allo, ki tambaye su: teburin ne ke girma yana raguwa? Ki yi shiru, kada ki ba su amsa. Wani zai ce hannun Malama ya fi nasu girma. Sai ki bi shi da cewa, to me ya sa mai babban hannu ya samu ƙaramin adadi? Yaron da ya warware wannan da bakinsa ya kama tushen rabawa tun kafin a kira masa sunanta.

Daga nan ki gaya musu manya ma sun sha wannan rigima. Mutanen Masar na dā da kamu suke awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, amma da yake hannu ba ɗaya ba ne, sai suka yanka sanda mai tafin hannu 7, kowane tafi yatsu 4, yatsu 28 ke nan, kusan santimita 52. Ita ma mita haka ta samu: a 1799 aka ƙera sandarta a Faransa don kowa ya koma ga ma'auni guda. Sai bayan wannan labari za ki fito da rular. Huɗun nan ma sun isa.

Malamin aji biyar:

Baba ya gama magana a kan taƙi. Ni batun yarinyar zan taɓa, don na taɓa yin irin wannan kuskure. Yanzu ba na gwada yaro da wani yaro, da kansa nake gwada shi. Kowa ya samu igiya a yanka masa daidai tsayinsa, sannan ya buɗe hannuwa a gwada ta da faɗinsu, wato gaba, daga kan yatsan wannan hannu zuwa na wancan. Kusan kullum tsayi da gaba suna zuwa daf da juna, ga dogo ga gajere, kuma wannan ne Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, ya nuna a zanensa na mutum cikin da'ira da murabba'i wajen 1490. Sai a ninke igiyar biyu, ga rabi, a sake ninkewa, ga kwata. Wanda yara suka fi so shi ne na kai: su fara kintata sau nawa igiyar za ta zagaye kansu. Da yawa sukan ce biyar ko shida. In aka gwada, ba ta cika kai uku ba. Ki ga ido!

Ma'aikaciyar jinya, uwar ɗan aji uku:

Malama, roƙona ɗaya, a bar nauyi da ƙugu daga ciki, sun fi tsayi sa yaro jin kunya. Ki gwada bugun jini. Yatsu biyu a tsintsiyar hannu, ban da babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun. A ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau 4. Su yi tsalle na minti ɗaya, su sake ƙirgawa, su ɗebe na farko daga na biyu.

Malamar aji uku:

Na gode Baba, na gode Malam da Anti, Allah ya saka da alheri. Yau na yi tambayar teburin, kuma kafin in rufe baki yara uku sun ɗaga hannu. Igiya kuwa na fara da yarinyar nan, na ce ta zo ta nuna wa aji. Tsayinta santimita 118, faɗin hannuwanta 117. Ita ta riƙe alli ta rubuta na sauran a allo. Bugun jini sai ranar Litinin in Allah ya kai mu, don sai na aro agogo mai hannun daƙiƙa.