Kirsimeti a watan Yuli: yaya ake shirya wa yara shi a tsakiyar zafi?

Maman Biyu:
Salama gare ku 'yan uwa. A Toronto ta ƙasar Kanada muke zaune. Iyayenmu ba sa iya zuwa a Disamba saboda sanyi, sai lokacin zafi, shi ya sa muke so mu yi abin da mutanen nan ke kira Kirsimeti a watan Yuli, yara su yi tare da kakanninsu. Yara takwas ne har da na maƙwabta, daga ɗan shekara 3 zuwa 'yar shekara 10, kuma a bayan gida za a yi. Me za a ɗauko daga na Disamba, me za a bari? Yaran sun nace sai an yi dusar ƙanƙara. Sannan wane abinci ne zai jure zafi?

Malamar Lahadi:
Maman Biyu, sannu da ƙoƙari. Al'adar ta daɗe a Amurka, ana danganta farkonta da wani sansanin hutun 'yan mata a Brevard, jihar North Carolina, a 1933, kuma yawanci ranar 25 ga Yuli ake yi ko Asabar ɗin da ta fi kusa. A Ostareliya ma suna yi, amma su Yuli ne tsakiyar sanyinsu, don haka kada ki kwafi tsarinsu na gasasshen nama da abinci mai nauyi.

Shawarata, kada ki yi kokawa da zafin. Ki zaɓi abu uku ko huɗu da yaro zai gani ya ce wannan Kirsimeti ne: bishiya, waƙoƙi, labarin haihuwar Yesu, ƙaramar kyauta. Sauran duka ki bar wa lokacin zafi ya yi nasa. Yini ɗaya ya isa.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne fitilun ado. A Disamba rana na faɗuwa a Toronto kafin biyar na yamma, shi ya sa fitilu ke yin kyau. A ƙarshen Yuli sai wajen tara saura kwata take faɗuwa, duhu sosai kuma sai bayan tara, lokacin ɗan shekara 3 ya riga ya gaji yana rigima. Ki kafa bishiyar roba a falo ki ja labule, can fitilun za su fito ko da tsakar rana. Ɗanyar bishiyar da ake sarewa ba a sayar da ita a Yuli, kada ki wahalar da kanki nema.

Ga yadda zan tsara ranar: da safe, daga tara zuwa sha ɗaya, wasan waje. Daga sha ɗaya zuwa huɗu rana ta fi ƙarfi, a shigo ciki a ci abinci, a yi aikin hannu, ƙanana su yi barci. Da la'asar a karanta Luka 2:1-20, yara su yi wasan makiyaya da mayafai da tawul, kakanni su ja waƙoƙin Kirsimeti na Hausa. Wannan ne abin da yaran nan ba za su samu a makaranta ba, ki ba shi lokaci sosai. Tun kafin ranar ki faɗa musu a sarari cewa na Disamba yana nan, wannan na kakanni ne. Idan babbar ta tambaya ko ya halatta, ki nuna mata cewa Littafi Mai Tsarki bai ambaci ranar ba, Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ma ranar 7 ga Janairu suke yi.

Mai Tanda:
'Yar'uwa, batun abinci ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da komai: dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 na Celsius kuwa awa ɗaya. Shinkafa ce ta fi hatsari, domin akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta kashe ta, tana hayayyafa idan shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da dafinta. Ki bar tukunya a kicin, ki riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan. Salak mai mayonis ya zauna a cikin kwano bisa ƙanƙara. Kula biyu za ki tanada, ɗaya ta abin sha da yara za su yi ta buɗewa, ɗaya ta nama da ba mai taɓawa.

Cincin ba ruwansa da zafi, ki soya tun kwana biyu kafin ranar ki rufe a roba. Zoɓo ki zuba a ƙananan kofuna, ki soka tsinke mai faɗi, ya kwana a firiza. Kunun aya kuwa yana saurin tsami, in za a yi a yi da safe a shanye kafin rana ta take. Cakulan yana fara laushi tun wajen digiri 30, kada ya shiga cikin kunshin kyauta. Kankana a yanka ta mai kusurwa uku, a soka tsinke ta ɓangaren ɓawo, ta zama bishiyar Kirsimeti. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu saboda ƙanana, zagayensa daidai yake da maƙogwaron yaro.

Abin da ya fi burge yara shi ne su haɗa askirim da hannunsu. A ƙaramar leda mai zif: madara mai kirim kofi ɗaya, sukari babban cokali biyu, filebon banila rabin ƙaramin cokali. A matse iska a rufe, a ƙara saka ta cikin wata ledar. A babbar leda: ƙanƙara kofi huɗu, gishiri rabin kofi. A saka ƙaramar a ciki, a naɗe da tawul, a girgiza minti 8 zuwa 10. Gishirin ne ke sa ruwan ƙanƙarar ya sauka ƙasa da sifiri har madara ta daskare, in aka yi rowarsa madara ce mai sanyi za a sha. Tawul ɗin dole ne, ledar na ƙona hannu don sanyi. Kafin a buɗe a ɗauraye bakin ƙaramar ledar da ruwan sanyi, in ba haka ba ruwan gishiri zai zubo ciki ya ɓata komai.

Gidan biskit da ake mannewa da aisin, wato kwaɓin sukari na ado, ni ban ba da shawara ba. Iskar Yuli a Toronto na da laima, aisin ba ya bushewa da wuri, biskit ɗin kansa yana jan danshi, bango ya kwanta yaro ya fashe da kuka. A shimfiɗe biskit a faranti su yi masa ado a kwance.

Baban Yara:
Maman Biyu, dusar da ta fi sauƙi: bekin soda kofi uku, farin kondishina na gashi rabin kofi, a cuɗa da hannu a faranti mai zurfi. Idan tana mannewa a hannu a ƙara soda, idan ba ta dunƙuluwa a ƙara kondishina cokali ɗaya. Ki saka sodar a firiza tun dare, za ta fito da sanyi kamar ta gaske. Bekin soda fa, ba bekin foda ba. Ba ta ciyuwa kuma tana zafi a ido, don haka ɗan shekara 3 sai da babba a gefensa. Ragowar a kwashe a shara, kada a zubar kan ciyawa, tana ƙona ta. Garin dusar bogi na kanti da ake zuba wa ruwa ya kumbura ki guje shi tunda akwai ƙanana, yana kuma toshe magudana.

Don jifa da "ƙwallon dusa", farar safa da aka dunƙule ta isa a cikin gida. A waje a yi da soso da aka tsoma a bokiti. Ya fi balan-balan na ruwa, domin guntun robar da ta fashe na shaƙe yara. Bokiti ko kwamin wanka, ko ruwan bai wuce santimita 5 ba yana iya halaka ƙaramin yaro, a sa babba ɗaya da aikinsa kallon ruwa kawai, a kife shi da an gama. Man kare fata daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa bayan awa biyu da kuma bayan jiƙewa.

Wayar wuta kada ta bi ta wurin wasan ruwa. Fitilun cikin gida ba na waje ba ne. Kyandirorin roba masu ƙaramin batir mai kama da maɓalli, a duba ko murfin na da sukurun ɗaurewa, haɗiye batirin nan na ƙona hanyar abinci cikin 'yan awoyi.

Anti Mai Ɗinki:
Ni a kan kyauta zan yi magana, don nan ne ake ɓata yara. Idan aka tara kaya kamar Disamba, baɗi za su sa rai, ya zama bashi a wuyanki sau biyu a shekara. Kyauta ɗaya ga kowane yaro, a yanke kuɗi ɗaya ga kowa, abin da za a yi wasa da shi ranar: alli na zane a ƙasa, bindigar ruwa, hula. Manyan yaran su cika kwali da taliya da gwangwanaye a kai wurin rabon abinci na unguwa, lokacin hutun makaranta buƙata na ƙaruwa.

Kayan Fada Kirsimeti kuma, don Allah kada a sa wa Baba tsoho rigar nan mai kauri da gemun roba a zafin Yuli. Jar hula da jar riga mai gajeren hannu sun wadatar.

Malama, ban yarda da barin bishiya a falo kaɗai ba. A ɗaura wa wata shuka ta bayan gida kayan ado na kwaɓin gishiri: fulawa kofi biyu, gishiri kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, a murza kaurin rabin santimita, a huda ramin zare kafin gashi, a gasa a digiri 100 na Celsius tsawon awa biyu zuwa uku. Wuta ta yi yawa sai su kumbura su tsage. A gasa da dare kwana biyu kafin ranar don kada gida ya ɗau zafi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. In hadari ya taso fa?

Baban Yara:
A Yuli yawanci da rana zuwa yamma yake tasowa, shi ya sa tsarin Malama na wasan waje da safe ya dace. Da an ji tsawa kowa ya shige ciki, kada a fake ƙarƙashin bishiya ko rumfar tanti, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fito. A tuna a kwaso kayan adon Anti, kwaɓin gishiri na narkewa in ya jiƙe. Dusa da askirim duka ana iya yin su a kicin, a shimfiɗa tsohon zanin gado a ƙasa.