Don Allah a taimaka, wurin nan tudu ne ko tsauni?

Mai Fassara: Salam jama'a, gobe ƙarfe 7 na safe zan shiga situdiyo amma kalma ɗaya ta hana ni sakat, wato plateau. Shirin a kan Putorana ne, can arewacin Saberiya a ƙasar Rasha, gabas da garin Norilsk inda ake haƙar nikel. Duwatsu ne amma kansu a baje kamar an sare da adda, tsakaninsu kwazazzabai masu zurfi da dogayen tafkuna irin su Lama. Na rubuta tsauni, edita ya ce ai tsauni mai tsini ne.

Malamar Jogurafi: Shimfiɗaɗɗen tudu, haka muke faɗa wa ɗalibai a aji.

Mai Fassara: Malama tudu fa? Dutsen Kamen da ya fi tsayi a wurin ya haura mita 1,600, in na ce tudu mutum zai ɗauka irin Tudun Wada ne da ake hawa da keke.

Baban Ummi: Ni tun bara nake cewa tsaunin faifai ba wanda ya kula ni, to ga ranarsa ta zo, domin shi wurin nan aman wuta ne ya malala ya daskare wani kan wani kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce, shi ya sa gefensa yake hawa-hawa kamar an jera fayafai. Ina kalmar da ta fi wannan dacewa?

Ɗan Jos: Baba a yi haƙuri, yaran yanzu in ka ce faifai bidiyo suke ji. A ce filato kawai mana, jiha guda muke da ita mai sunan.

Baban Ummi: Filato Hausa ce? Wannan ragwancin ne ya sa ake raina harshenmu, komai sai mun ara.

Ɗan Damagaram: Su ma Ingilishin wurin Faransawa suka aro ta, mu nan a Yamai har unguwa gare mu mai sunan. Kuma Baba mota da tebur fa, kakanni ne suka bar mana?

Baban Ummi: Kai dai da ma ba ka rabo da kare Faransanci.

Malamar Jogurafi: Ku bar wannan musun. Matsalar filato a rediyo ita ce in ya ce UNESCO ta sa filato a jerin wuraren gado na duniya a 2010, rabin masu sauraro za su yi wa mutanen Jos murna.

Mai Fassara: Hhh wallahi kuwa. To zan ce shimfiɗaɗɗen tsauni irin na Jos da Mambila a karon farko, daga nan Putorana kawai. Na gode. Saura ƙasar can da take daskare shekara da shekaru ba ta narkewa, wa ke da suna?

Baban Ummi: Shimfiɗaɗɗen tsauni ya yi tsawo a baki, amma shirinka ne. Ni dai a rubutuna faifai zan ci gaba da sawa. Ta ƙanƙarar kuma ina da ita, sai na dawo daga masallaci.