Me ya sa Java ta kira aikin uwar aji?

mai_koyo: Assalamu alaikum. Ina da ajin Kare da ya gaji ajin Dabba, kowannensu da aikin `kuka()`. Na rubuta `Dabba d = new Kare();`. `d.kuka()` yana kiran na Kare, amma da na mayar da shi `static` a azuzuwan biyu sai na Dabba ya fito. Malamai, ina matsalar take?

injiniya_k: Wa alaikumus salam. Aikin `static`, wato na ajin kansa ba na abin da aka ƙirƙira daga ajin ba, tun lokacin harhaɗa lambar ake ɗaure shi, bisa nau'in da ka ayyana wa `d`, wato Dabba. Na Kare ɓoye shi kawai ya yi, bai maye gurbinsa ba. Aiki na yau da kullum kuwa sai shiri yana gudana JVM, injin da ke gudanar da shirin Java, ke duba ainihin abin da `d` ke riƙe da shi. Ka cire `static`, ka sa `@Override`, alamar cewa aikin Kare yana maye gurbin na uwa. In ka kuskure, tun wajen harhaɗawa za a tsayar da kai.

malama_cpp: A C++ akasin haka ne: ɗaurin farko, wato na lokacin harhaɗawa, shi ne asali, sai ka rubuta `virtual`. Kar a manta da `virtual ~Dabba()`, in ba haka ba `delete` ta manunin (pointer) uwa na iya tsallake mai rushe Kare (destructor, aikin da ke gudana idan za a share abu).

injiniya_k: Sannan a Java kar ka kira aikin da ake mayewa a cikin maginin uwa (constructor, aikin da ke gudana idan ana ƙirƙirar abu). Na Kare zai gudana alhali filayensa suna nan `null` ko 0.