Sabon ɗan kare ya shigo gida: yaya za a haɗa masa ɗaki a cikin falo?

Mai tambaya: Barkanku da warhaka, 'yan'uwa. Jiya muka ɗauko wani ɗan ƙaramin kare daga gidan kula da dabbobin da ba su da mai su, ya kai kimanin shekara guda, kuma tun isowarsa ya shige ƙarƙashin kujera ya ƙi fitowa. Ina so in sa a haɗa masa ɗan ɗaki na katako a cikin falo, amma ina neman shawararku a kan girmansa da wurin da ya dace a ajiye shi.

Kafinta: Hajiya, kafin a yanka katako ko guda, a fara auna karen. Ki auna shi daga hanci zuwa gindin wutsiya, sannan daga ƙasa zuwa saman kansa yana tsaye, ki ƙara santimita 5 zuwa 10 a kan kowane awo. Abin da ake so shi ne ya iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafunsa ba tare da ya takura ba. Kada tausayi ya sa ki ce a yi masa ƙato, domin kare ba ya son ɓata wurin kwanansa, amma idan fili ya yi yawa sai ya kwanta a wannan kusurwa ya yi fitsari a waccan. A goge kowane gefe da samfefa, a tabbatar babu kan ƙusa da ya leƙo ciki, a bar ramukan shan iska a bango biyu, rufin kuma a yi shi mai ɗagawa saboda shara. Katakon da aka jiƙa da maganin gara ba na wannan aiki ba ne, tunda karnuka na gwaguyar abin da ke kusa da bakinsu.

Mai riƙon karnuka biyu: Ni kuwa, Malam, ina ganin a saka masa ƙofa tun yanzu, don ya saba kwana a rufe.

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi: Yaya, a nan na saɓa maka. Karen da ya ɓuya ƙarƙashin kujera tsoro ne ke damunsa, kuma idan aka kulle shi a kwanakin farko zai ɗauki ɗakin a matsayin kurkuku, daga nan shigar da shi ya zama kokawa. Gara a bar bakin ɗakin a buɗe, a ajiye kwanon abincinsa a bakin ƙofa, bayan ya saba a matsar da shi ciki kaɗan-kaɗan, har ya riƙa shiga don kansa. Kada a jawo shi daga maɓoyarsa, kada a tura shi ɗakin don horo idan ya yi ɓarna, yara kuma a gaya musu cewa da zarar ya shiga ciki ba a taɓa shi. Idan an ba ki tsumma ko bargon da yake kwana a kai a can, 'yar'uwa, ki shimfiɗa masa shi yadda yake, kada ki wanke, saboda warin da ya sani zai kwantar masa da hankali.

Kafinta: Haka ne. Idan za a yi fenti, a yi na ruwa, a bar shi ya bushe a waje har warin ya tafi gaba ɗaya.

Mai riƙon karnuka biyu: To, game da wuri, a zaɓi kusurwar da yake iya hango mutanen gida amma ba a kan hanyar wucewa ba, nesa da hasken rana kai-tsaye da wayoyin lantarki da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ƙananan karnuka sun fi manya saurin jin sanyi, shi ya sa ake ɗaga ƙasan ɗakin kaɗan daga kan siminti, a sa katifa mai riga da ake cirewa a wanke.

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi: Sai batun lafiya. Ki karɓi katin rigakafinsa, ki kai shi wurin likitan dabbobi cikin makon nan a duba allurar ciwon haukar kare da ta parvo (wata cutar karnuka mai sa amai da zawo), a ba shi maganin tsutsar ciki, a kuma duba ƙuma da kaska. Abincin da ya saba ci shi za a ci gaba da ba shi, idan za a canja sai a riƙa gauraya sabo da tsoho na tsawon kwana 7 zuwa 10, in ba haka ba zawo zai biyo baya. Cakulan da albasa da tafarnuwa da inabi duk guba ne gare shi, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya ji masa ciwo a hanji. Wajen fita yawo, ki saya masa ɗamarar da ake zagayawa ta ƙirji maimakon abin wuya, domin maƙogwaron ƙananan karnuka ba ya jure fizga.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malam, zan auna shi idan ya fito cin abinci da yamma in turo maka awon. Shin rufin zai iya zama shimfiɗaɗɗe, don a riƙa ɗora igiyarsa da buroshinsa a kai?

Kafinta: Zai iya, Hajiya, tunda ba ruwan sama zai tare ba. Sai dai kada a ɗora abu mai nauyi ko mai faɗowa da ƙara.